Yatsu Uku a Kan Ɗanyen Yaɓe

A unguwarmu da ke gefen Gadarif ta ƙasar Sudan, ɗakin Inna ne kaɗai mai wucewa ke tsayawa ya leƙo ta saman zana ya kalla. Ba don girma ba. Zagayayyen ɗaki ne na laka da jinkar ciyawa, irin wanda Larabawan nan ke kira durdur, kuma kowane gida akwai irinsa. Abin da ya raba shi da saura shi ne zanen da ke jikin bangonsa ta waje, daga ƙarƙashin jinka har daidai gwiwar mutum, ya taso daga dama da ƙofa ya zagaye ɗakin ya dawo ta hagu. Da yatsu uku Inna ke yin sa a kan ɗanyen yaɓe, da sauri, kafin rana ta busar da lakar. Wanda nake ba da labarinsa shi ne na ƙarshe da hannunta ya iya yi. Ni da ita mun san haka tun ranar da ta gama shi, ko da yake ba wadda ta furta.

Kakanmu daga yamma ya taso da ƙafa zai je Makka. Da ya iso nan guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Ya kafa doka cewa kada wani a zuriyarsa ya ɗora bulo a kan bulo, don mu matafiya ne, matafiyi kuwa ba ya gina abin da zai riƙe masa ƙafa. A nan aka binne shi, a nan aka binne babanmu, har yanzu wai muna kan hanya. Ni dai ina zargin baƙar ƙasar Gadarif ta taya shi kafa dokar, don ƙasa ce da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ba ta barin ginin talaka ya yi tsawon rai. Shi ya sa kowace kaka, idan an fara yankan riɗi, matan unguwa ke sake yaɓe ɗakunansu. Yawancinsu su shafe su wuce. Inna ita ce ba ta iya ganin ɗanyen bango ta ƙyale shi.

Ba ta yarda da baƙar ƙasa. Ja ake ɗebo mata daga gindin dutse, ta zuba ƙaiƙayin dawa da kashin jaki, ta bar kwaɓin ya kwana ya kwana har sai warinsa ya kori kowa daga tsakar gida. A wurin mahaifiyarta ta koyi dagi da ƙafar kaza da sarƙa. Sauran kuwa tsinto su ta yi, kuma ba ta taɓa ɓoye inda ta tsinto ba. Jerin kusurwoyin da ke saman ƙofa daga wata maƙwabciyarmu 'yar Halfa ta ɗauka, wadda ke ba ta labarin gidajensu na bakin kogi da ruwa ya cinye. Kitson da ke bin ƙasan bangon a bakin rigar wata Bahabashiya mai sayar da gahawa ta gan shi, ta riƙe mata gefen riga a kasuwa tana ƙirga zaren har matar ta ɗauka taɓin hankali gare ta. Akwai ma wani abu mai kama da matajin da 'yan ƙabilar Hadandawa ke sokewa a gashi. Idan aka tambaye ta wannan zanen na wace ƙabila ne, sai ta ce na wanda ya kwaɓa lakar ne.

Ni ban gaje ta ba. Na gwada sau da yawa, layina sai ya fito kamar kuyyar da makahon sa ya ja, ta yi ta dariya ta ce in koma kan keken ɗinkina, Allah bai haɗa wa mutum ɗaya komai ba.

Kaka biyu kafin yaƙi hannunta na dama ya fara rawa. A shekarar ta yi zanen da ƙyar, tana yi tana hutawa, ina yayyafa mata ruwa a bangon don kada ya bushe. Duk da haka ya fito fiye da na kowace shekara, ko don ta san ba za ta sake ba ne. Daga nan muka daina yaɓe ɗakin. Da hadari ya fara haɗowa sai in jingina zana a jikin bangon in ɗaure, da ruwa ya ɗauke in kwance. Inda ya ɗan ɓantare in liƙa laka da ɗan yatsa, ita tana zaune tana yi mini faɗa kada in taɓa layin.

Sai yaƙi ya ɓarke a Hartum, garinmu ya cika da mutanen da suka gudo. Makarantu suka zama gidaje, aji ɗaya iyali uku, an raba da zannuwan gado. Cikin masu zuwa har da ƙanena, autan Inna, wanda ya bar gida tun yana saurayi ya zauna a Umdurman, maƙwabciyar Hartum. Ya iso da matarsa da 'ya'yansa da jaka ɗaya, ƙafafunsa a kumbure. Na yi kuka da na gan shi. Na kwashe kekena na bar musu ɗakina, na koma wurin Inna. Wannan ina faɗa ne don kada a ce dama can ba na ƙaunarsa.

Amma tun kafin kumburin ƙafarsa ya saɓe na fara ganin abin da birni ya mayar da shi. Ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci. 'Ya'yansa ko sannu ba su iya ba. Inna da muka tashi muna kira Inna, shi yanzu Yumma yake ce mata, in da baƙo kuwa ya Hajja, alhali baiwar Allah ko Fot Sudan, bakin tekun da alhazai ke tsallakawa, ba ta taɓa gani ba. Larabci ba laifi ba ne, dukkanmu da shi muke ciniki, da shi muke faɗa a layin ruwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake rage murya ya waiga idan kalmar Hausa ta kuɓuce masa a kan hanya. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa a can idan aka tambaye shi asalinsa sai ya ce shi mutumin gabas ne kawai.

Ya sami aiki a kasuwar amfanin gona wurin wani mai manyan gonaki a Simsim, ya murmure, ya sayi farar jallabiya da rawani mai girman kwando. Ana nan sai babban ɗansa ya ce yana son 'yar tsofaffin maƙwabtansu na Umdurman, waɗanda su ma suka gudo suna zaune a wani aji a makarantar firamare. Maza suka yi magana, aka sa ranar da matan gidan yarinyar za su zo su ga gida.

Ni ƙanena ya fara samu, ina ɗinki a rumfa. Ya yi ta kewaye-kewaye, a gyara zana, a share bayan gida, a ɗaure awaki. Na ce duk za a yi. Sannan ya nuna ɗakin Inna da haɓa, ya ce wannan ƙwarzanen fa dole a shafe shi, don duk wanda ya shigo ya gani ya san ko mu su wane ne. Na ɗauke ƙafa daga kan keke na dube shi. Na tambaye shi ko tsagar da ke fuskar Inna ita ma farar ƙasa za a shafa mata. Bai ji kunya ba. Ya ce ai ita za ta ja lafaya ta rufe, kuma a roƙe ta ta rage magana, don Larabcinta da gargada. Ya ƙara da cewa ai laka ce, kowace shekara ana shafewa a sake, me aka rasa? Yana sane da hannunta. Shi ke riƙe mata kofin shayi da safe don kada ya zube.

Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Na ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, na ce zanen aro ba ya rufe katara, na ce abubuwan da suka fi haka zafi. Ya yi kunnen uwar shegu da ni ya wuce wurin Inna, ya durƙusa a gaban gadonta na igiya. Daga inda nake ina jin muryarsa ta yi laushi, har ya tono 'yar Hausar da ta rage masa ya yi amfani da ita. Inna ta saurare shi har ya gama.

"Don yaron ne?" ta tambaye shi.

"Wallahi, Inna, don shi ne. Mutanen nan, ya'ani, ba su san irin abubuwanmu ba."

"To, halas, shi ke nan. A shafe."

Ya ce zai kawo leburori. Nan ne kaɗai ta ƙi. Ta ce baƙon hannu ba zai taɓa mata ɗaki ba, ni zan kwaɓa mu shafe. Na ce ba da ni ba. Ta ce to ita kaɗai za ta yi, ta fara laluben sandarta. Ya zan yi? Na kwaɓa. Da hantsi muka fara daga dama da ƙofa, ta inda take farawa idan za ta yi zane. Ina danƙara laka tana bi da tafin hannu tana lailayewa, don rawar hannu ba ta hana shafe. Kusurwoyin 'yar Halfa suka tafi, dagi ya tafi, kitson Bahabashiya ya tafi. Na yi shekaru ina cusa hannu cikin kwaɓin nan mai kashin jaki ban taɓa jin ƙyamarsa ba sai ranar. Inna kuwa sai gyara take yi mini inda na bar tudu.

Da ya bushe ƙanena ya sa aka shafa farar ƙasa, aka ja shuɗin layi a ƙasa. Ɗakin ya koma tamkar ɗakin allura a asibitin ƙauye. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce yanzu ne gida ya zama gida.

Baƙin suka zo bayan la'asar, mata huɗu ko biyar cikin lafayoyin da aka ga alamar an daɗe ana wankewa. Muka shimfiɗa musu a rumfa. Inna ta fito ta ja mayafi har kan hanci kamar yadda aka umarce ta. Uwar yarinyar, wata doguwar mata mai fara'a, ta kama hannun Inna da hannu biyu ta ce, "Sannu, ya Hajja." Da Hausa ta faɗa, ita ce kalma ɗaya da ta sani, ta ce tun a hanya take maimaita ta don kada ta manta. Sannan ta tambaya ko muna dama godogodo, wato fura, don ta ji an ce ta gidajen Hausawan Gadarif ba ta da na biyu. Ashe duk layinsu a Umdurman kowa ya san ƙanena Bahaushe ne. Haka ma suke kwatanta gidansa idan baƙo na nema. Shi kaɗai ne bai san an sani ba.

Ba wadda ta ɗaga kai ta dubi bangon. Da an bar zanen, da an shafe, duk ɗaya ne a wurinsu. Mutanen da ke kwana a ƙarƙashin allon makaranta ba bangon wani ne ya dame su ba. Ana shan gahawa sai uwar yarinyar ta ɗauko zancen gidanta, ta ce ƙofar gidan tsohuwar ƙofa ce ta itace mai sassaƙa da mahaifinta ya ɗauko daga garinsu na arewa, ba ta san ko tana nan ba ko an yi makamashi da ita. Ta fashe da kuka. Inna ta saki mayafin nan, tsaga a waje, ta jawo ta jikinta tana rarrashi da gurgun Larabcinta, ba wanda ya yi dariya.

Da suka tafi na kwashe duk yadda aka yi na gaya wa ƙanena, ina jiran in ga ya sunkuyar da kai. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ya ce alhamdu lillahi, ai ga shi komai ya tafi daidai, dama ya gaya mini tsabtar gida ita ce rabin magana. Na tofar da yawu na shige ɗaki.

Aka yi biki ba wani taro, amarya ta tare, yarinya mai ladabi wadda ba ruwanta da duk wannan. Inna ba ta sake ta da zancen zanen ba. Sai dai da can a jikin bangon take jingina da safe tana shan rana, yanzu farar ƙasa na ɓata mata zane, sai ta mayar da tabarmarta gindin dalbejiya.

Bayan damina ta gaba wata ƙungiya ta zo da shirin ranar al'adu, su suna cewa yom at-turas. Wai tunda yaƙi ya tara kowa a Gadarif, kowace al'umma ta kafa rumfa a fili ta nuna abin da ta gada, don a san juna a zauna lafiya. Ba ni da ja a kan wannan. Dattawan unguwa suka nemi wanda zai tsaya wa rumfar Hausawa, mai Larabcin birni wanda ba ya tsoron lasifika. Wa za a ɗauka in ba mai babban rawani ba? Cikin mako guda ƙanena ya zama Bahaushen da ya fi kowa. Ya aro hula, ya fara gaishe da mutane da Hausa da ƙarfi a tsakiyar titi, yana tsawata wa 'ya'yansa wai sun watsar da harshen iyayensu.

Wata safiya sai ga shi da faffaɗan falankin katako a kan amalanken jaki. Ya sake durƙusawa a gaban Inna, daidai yadda ya yi wancan karon. Ya ce manyan baƙi za su zo, kuma kowa ya san ba mai zanen bango irinta a duk garin nan. Ya ce wannan zane tsantsar gadon Hausawa ne, bai kamata ya ɓace ba. Yana so a yaɓe falankin ta zana a kai a kafa a gaban rumfa.

Na ajiye tsintsiya na gyara tsayuwa, don na ɗauka yau Inna za ta wanke shi tas. Sai na ga fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta fara tambayarsa mutum nawa za su zo, a ina za a kafa, ko rana za ta haske shi ta gefe, don ta gefe ne layi ke fitowa. Ta juyo ta ce in aika a ɗebo jar ƙasa yau-yau. A duk abin da ya faru wannan murnar tata ce ta fi ƙona mini rai. Shi ya zo ne don yanzu abin ya zama na nunawa, ita kuwa ta ɗauka ɗanta ne ya ga kyan aikinta a ƙarshe. Na buɗe baki zan yi magana ta harare ni, na rufe.

Na buga buhun algarara a jikin falankin da ƙusoshi don laka ta kama. Kwaɓi ya nuna, na yaɓa, na jingina shi a inuwa na kawo mata kujera 'yar tsugunne. Ta yi bisimilla ta kai yatsu uku. Hannun ya ƙi. Layin da ya kamata ya miƙe sai ya yi ta karkarwa, dagin ya ƙi haɗuwa, bakinsa ɗaya ya wuce ɗaya. Ta shafe ta sake. Ta riƙe wuyan hannun dama da na hagu ta sake. Ina yayyafa ruwa, gumi na ɗiga daga haɓarta, har lakar ta fara ƙin karɓar yatsa. Da ta ga haka ta ja na ƙarshe ta bar shi yadda ya zo. A karkace yake, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk abin nan yana ciki, kusurwoyi a sama, kitso a ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan zanarmu zai gane hannun wace ce. Ta tambaye ni ko ya yi, na ce ya yi.

Da ya bushe ƙanena ya zo ɗauka. Ya dube shi sau ɗaya, ya ce tamam, tamam, wai ya yi, idonsa na kan waya. Aka ɗora a amalanke.

Ranar taron tun da sassafe Inna ta yi wanka ta sa lafayar da ta ajiye tun bikin jikanta, ta sa na shafa mata turare. Muka hau raksha, keken nan mai ƙafa uku. Iska na kaɗawa sosai a filin, rumfuna sai faɗa suke da igiyoyinsu. Ta ce kada mu yi gaggawa, mu fara ganin na mutane tukuna. Hadandawa sun kafa ɗakin tabarma na gaske, sun rataye takubba. Mutanen Halfa sun zana ƙofar gida a jikin ƙyalle sun manna faranti a samanta. Matan Habasha da aka kawo daga sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba sun baje kwanduna masu launi da fararen riguna, su da suka gudo da abin da ke jikinsu kawai, amma abin da suka kawo hannunsu ne ya saƙa. Inna ba abin da ba ta shafa ba. A wurin Habashawan ta daɗe tana murza bakin wata riga tana gyaɗa kai, ita da mai rigar suna hira ba mai jin yaren wata.

Sannan muka iso tamu. Wani ƙaton hoto ne a jikin leda ya rufe gaban rumfar daga sama har ƙasa, hoton ƙofar wata fada a Najeriya da aka ciro daga waya, mai tsayi da launuka. Kyakkyawa ce, ba shakka, amma a cikin duk Hausawan da ke filin nan ba na jin akwai wanda ya taɓa ganinta da idonsa, ko shi ko ubansa. A ƙarƙashinta an ajiye 'yan ƙore da faifai. Ƙanena na tsaye da lasifika yana gaya wa jama'a da Larabci cewa mu mutane ne masu gine-gine na alfarma, benaye da fadoji. Mu da muke kwana a ƙarƙashin ciyawa tun zamanin kakanmu.

Inna ta duba dama ta duba hagu. Idonta ba shi da ƙarfi, sai ta ɗauka ita ce ba ta gani ba.

"Ina nawa?" ta ce da ni.

Na ce ta jira. Na kutsa na jawo hannun rigar ƙanena da ya sauke lasifikar. Ya amsa mini ta tsakanin haƙora yana yi wa baƙi murmushi. Ya ce ma'alesh, yi haƙuri, Yaya, abin ya fito a karkace, ga manyan mutane, ba zai kunyata Hausawa ba. Ya ce yana can baya a ajiye, ba abin da ya same shi. Na dube shi daga rawani har takalmi, na ji ko zaginsa ba na so in yi, don kada sunansa ya daɗe a bakina.

Da na waiwayo ban ga Inna ba. Na zagaya bayan rumfa na same ta tsaye dogare da sanda a gaban mai agashe, irin tsiren da aka san mu da shi a duk Sudan. Wani bawan Allah ne ɗan unguwarmu. Iska ta yi ta watsa masa wuta, ya ga falanki a yashe da fuskarsa a ƙasa, ya ɗaga ya ga laka ce a jiki, wuta ba za ta ci ba. Sai ya tokare shi da duwatsu ya kare garwashinsa, fuskar zanen na kallon wuta. Hayaƙi ya mayar da shi baƙi, mai da ƙuli-ƙuli sun fantsama sun cike ramukan layin.

Da mai agashen ya ga yadda take kallo sai shi ma ya duba da kyau, ya gane. Ya saki tsinken da ke hannunsa yana salati, ya kama falankin zai janye. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, ɗana. In ka ɗauke, iska za ta kashe maka wuta."

Ta matsa ta sunkuya, ta kai yatsa gefen da bai yi zafi ba ta ƙwanƙwasa lakar, ta saurara. Sannan ta miƙe ta dube ni.

"Kin gani, ko tsagewa bai yi ba. Kwaɓin ya nuna." Ta gyara lafayarta. "Mu je gida, rana ta yi."

A cikin raksha ta ɗora hannun dama a cinya ta danne shi da na hagu. Har muka fita daga layin muna jiyo muryar ɗanta a lasifika. Abu ɗaya ta ce da ni a hanya, kada in yi masa magana, yana da baƙi.

Ba a dawo da falankin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Bayan 'yan kwanaki matan unguwa suka fara kwaɓin yaɓe, wari ya cika layi. Ina shara da safe ta kira ni, ta nuna tsohon kaskon da take kwaɓa lakarta a ciki tun kafin a haife ni. Ta ce in wanke shi in kai wa maƙwabciyarmu, ta ji tana neman abin da kajinta za su sha ruwa.